Hancin Malam Raki

Ƙwallon ƙarfen ya kai girman kan mutum, yana rataye da igiya a tsakiyar ɗakin lacca. Shekara talatin Farfesa yana wasa da shi. Sai ya jingina ƙeya da bango, ya jawo ƙwallon har ya taɓa hancinsa, ya cire tabarau ya sa a aljihu, ya saki. Ƙwallon ya tafi, ya dawo a fusace, ya tsaya saura ƙiris. Farfesa ko ƙiftawa ba ya yi.

Dokar fiziks ce, in ji shi: ƙwallo ba ya wuce inda aka sake shi. In ya gama kuma, wani lokaci allo yake rusuna wa maimakon ɗalibai. Sai a ce ai haka masu zurfin ilimi suke.

Da ya ci babbar lambar yabo ta fiziks, jami'a ta shirya taron karramawa, kuma dole a yi wasan ƙwallo. Sai dai gwiwa ta hana tsohon tsayuwa. Ya sanar cewa mataimakinsa zai yi, in ya tsaya daram shi zai gaji ɗakin gwaji.

Mataimakin kuwa Malam Raki ne, mai tabarau kamar gindin kwalba, wanda fashewar balan-balan ke sa shi salati. Lissafin ya san shi sarai, hancinsa ne bai yarda ba. Sau uku yana gwadawa a ɓoye, sau uku yana nutsewa ƙasa.

"Ka kauce, maigida," in ji matarsa. "Kujera ana samun wata, hanci ɗaya ne."

Ranar taro ɗaki ya cika maƙil. Raki ya jingina da bango, gumi har cikin takalmi. Farfesa ya dogaro sanda ya zare masa tabarau.

"Kawo nan, kada su fashe."

Raki ya saki ƙwallon. Iska ta shafi hancinsa. Ko gezau. Tafi ya ɓarke, matarsa ta rangaɗa guɗa, ɗakin gwaji ya zama nasa.

Farfesa ya miƙa masa tabarau, ya raɗa, "Me ka gani?"

"Dishi-dishi kawai, ranka ya daɗe."

"Yi shiru da bakinka. Ni ma shekara talatin ban taɓa ganin ƙwallon nan ba."