Laimomin Garba

Ranar Talata da hantsi saƙon ya faɗo wayar Garba, yana saman rufin gidansu a unguwar Shisha ta Makka yana kaɗe wa laimominsa ƙura.

Shekara ashirin da biyu yana aikin shara a Arfa duk lokacin Hajji, bai taɓa dawowa hannu rabbana ba. Abin da alhazai suka yar shi yake tsinta: kujerar naɗewa, buta, fankar hannu, takalmi wari guda. Laimomi kaɗai sun haura ɗari huɗu, kuma ya san shekarar da ya tsinci kowacce. Matarsa Rakiya ta yi roƙo, ta yi fushi, har yaji ta yi sau ɗaya, don dai ta samu wurin shanya da shan iska. A banza. A ƙarshe ta daina magana. Bokiti ɗaya kawai ta nema cikin kayan, ya ba ta da ƙyar, yana ta bin sawu ya ga me za a yi da shi.

Garba yana da wani hali. Abin da aka faɗa masa ido da ido, ƙarya ne. Abin da aka ce kada a faɗa wa kowa, wannan shi ne gaskiya.

Maƙwabcinsa Abdulrazak ne ya turo saƙon. Muryar mace ce, da Larabci, tana amsa kuwwa kamar daga cikin rijiya. Ta ce ita ma'aikaciyar ofishin hasashen yanayi ce. Guguwa ta taso daga Bahar Maliya, ranar Alhamis za ta iso Makka, amma an hana su faɗa. Duk abin da ke saman rufi sai ya tashi, musamman laima, wadda iska ke mayarwa mashi.

Garba bai tsaya ya ji ƙarshe ba. Ya tura wa mutum sittin.

Kafin la'asar tashoshin intanet sun cafe. Aka zana taswira da jajayen kibiyoyi. Wani masani ya rantse iskar za ta iya ɗaukar raƙumi daga Jidda ta ajiye shi a Ɗa'ifa. Wani ɗan rahoto ya rungume turken fitilar titi yana ihu cikin makirufo, a bayansa kuwa wata kyanwa na barci a rana. An ce a ƙarshen saƙon akwai tsawar wani namiji, shugabanta ne ya kama ta. Tashoshin suka yanke wurin don kare rayuwarta, sannan suka shafe awa uku suna tattauna abin da suka yanke.

Hukuma ta turo nata saƙon, gajere: ana sa ran yayyafi, a guji kwaruruka.

"Yayyafi!" in ji Garba. "Ka ji su ko? Da ba komai ai da ba su ce komai ba."

Tsoro ya kama shi, na gaske. Ya dinga hango laimomi ɗari huɗu a sama sun nufi unguwar Aziziyya, suna tsire bayin Allah a bakin shaguna. Kuma ba wanda bai san laimomin wane ne ba. Ya yi tunanin ɗaure su, ba igiyar da za ta isa. Ya yi tunanin shigo da su ɗaki, ya dubi fuskar Rakiya ya fasa.

Ranar Laraba ya kira Bandar mai motar gwangwan ya zo ya kwashe su.

"Abu Nuha, ka tabbata?" Rakiya ta tambayi mijinta tana tsaye bakin matakala. "Hukuma fa ta ce ba komai."

"Shi ya sa! Halas, na gama magana."

Sawu uku motar ta yi. Da aka zo kan wata koriyar laima, ta shekararsa ta farko a Arfa, Garba ya juya baya ya share hawaye da gefen gutura, ƙyallen da ke kansa. Ya ji kamar shekarunsa ake lodawa. Amma ya ceci rayuka, da wannan ya lallashi kansa.

Alhamis ta zo. Aka yi yayyafin minti goma. Garba ya jiƙe a hanyar masallaci, don ko laima ɗaya bai rage ba. Tashoshin suka ce Makka ta tsallake rijiya da baya, suka koma labarin wata cuta ta tumatir.

Ranar Juma'a bayan la'asar ya hau rufin da zuciya a karye. Ya tarar an share an wanke. Ga darduma, ga matasai, ga tukwanen na'ana'a a jere, ga igiyar shanya sabuwa fil. Ya yi mamakin yaushe aka sayo duk wannan, amma bai tambaya ba.

Sai ga Abdulrazak yana haki, waya a hannu.

"Ya shaihu, na samo cikakken! Wanda ba a yanke ba, har da muryar shugaban."

"A bar tone-tone mana," in ji Rakiya, tana zuba shayi har yana zuba a faranti. "Abin da ya wuce ya wuce."

Garba ya ɗaga mata hannu. Yau dai zai ji muryar azzalumin da ya so a halaka mutane a ɓoye. Ya karɓi wayar ya ƙure sauti.

Matar ta yi bayaninta daga cikin rijiyarta. Ta zo kan laima, ta maimaita sau biyu. Sai aka ji ƙarar buɗe ƙofa, sannan muryar namijin ta fito tangaran, da Hausar Kano:

"Rakiya! Me kike yi da kai a cikin bokitina?"