Tsohon da Ya Goge Giris

Kawu, tsaya ka ji wannan, ba zan ja ka da nisa ba. Akwai wani tsoho manomi da ke zaune shi kaɗai can ƙarshen fadama, inda ko mai tallan goro ba ya kaiwa. Matarsa ta rasu, 'ya'yan duk sun watse birni. Babban ɗan ne ya kawo masa wata tsohuwar a-kori-kura, ya ce ga ta nan, duk ranar da kaɗaici ya ishe shi ya hau ya je ya ga dangi. Kafin ya koma ya buɗe gaban motar, ya ɗaure kan batir tamau, ya lakato giris, man nan mai kauri, da yatsa ya shafe wurin da shi. Ya ce a bar shi haka, shi ke hana iska da laima su ci ƙarfen. To shi tsohon nan mutum ne mai tsabtar tsiya. Tun da aka bar shi shi kaɗai, shara da wanki ne abokan hirarsa. Duk Juma'a sai ya wanke motar nan tas, har tayoyi, yana yi mata magana kamar mutum. Ran nan ya buɗe gaban, ya ga abu baƙi ƙirin ya kama ƙura ya yi dumu-dumu, ya ce yaran zamani dai ba su san ƙazanta ba. Ya sa tsumma da ruwan omo ya goge shi, har sai da ƙarfen ya yi ƙyalli. Ya ji daɗi kuwa. Damina ta sauka. Sai wani farin gari mai ratsin kore ya fara tsirowa a wurin, kamar an barbaɗa gishiri. Ya hure, ya dawo. Ya share, ya dawo. In ya tayar da motar don ta ɗan yi ɗumi, sai ta yi ta nishi kafin ta kama. Yana ji, ba wai bai ji ba. Amma sai ya ce ai ba inda za shi, ranar da tafiya ta kama ya duba.

Ranar kuwa ta zo da hantsi. Aka bugo masa waya cewa yayarsa, wadda ta goya shi, wadda daga ita sai shi suka rage a ɗakinsu, jikinta ya yi tsanani kuma sunansa take ta kira. Suka ce za su turo mai babur ya ɗauko shi. Ya ce, "Ku bar shi, ina da mota. Ku ce wa Yaya ga ni nan kafin azahar." Ya yi wanka, ya sa farar riga, ya ɗora buhun sabuwar shinkafa a baya don ya san tana so. Ya shiga, ya yi bismilla, ya murɗa makulli. Ƙat. Ya sake. Ƙat. Ko fitila ba ta kawo ba. Ya fito ya buɗe gaban, ya kama ƙarfen da ke riƙe da wayar batir don ya girgiza, abin ya marmashe masa a hannu kamar ƙuli-ƙuli. Ashe can ƙarƙashi, inda tsumma ba ya kaiwa, gishirin nan ya gama cinye shi. Sai a lokacin ya hura wuta ya dafa ruwa, ya jiƙa kanwa, ya kankare da wuƙa, ya kwance wayar shinge ya naɗa. Ya murɗa, ta yi tari ɗaya ta mutu. Ya sa kafaɗa zai tura, tayoyi sun nutse a laka. Ya ɗaga kai ya duba gabas da yamma ko zai ga wani, babu kowa sai balbelu a cikin shinkafa. Ya kira a turo babur ɗin, aka ce ai da ya ce a bari, mai shi ya tafi wani gari. Haka ya rufe gida ya kama hanya a ƙafa, farar riga duk ta yi baƙi, yana sauri yana faɗuwa, rana tana karkata. Da la'asar sakaliya ya shiga garin. A bakin hanya ya ci karo da maza suna dawowa daga maƙabarta, fartanya da shebur a kafaɗa, ƙafafunsu jajur da ƙasa. Sai wani daga cikinsu ya kama hannunsa ya riƙe.

Ka ji, Kawu. Shi ya sa Hausawa suka ce ba a fafe gora ranar tafiya.