Yanar da Likita Ta Ƙi Cirewa

Kai maigida, bar wannan tsakin don likita ya ce sai an gwada ka kafin ya rubuta maka magani. Matso nan, kunnenka nake so.

An yi wata mai saƙar faifai a wani ƙauye. Ba tsohuwa ba ce, autarta ma ba ta daɗe da yaye ba. Hannu gare ta, in ta saƙa faifai da rinanniyar kaba, iyayen amare har rige-rige suke yi. To, cikin damina ɗaya idonta na hagu ya yi fari fat kamar an ɗiga masa nono, na dama kuwa garau. Ta kai basilla ta soki kaba sai ta soki yatsa. Duk wanda ya duba sai ya ce yanar ido ce, ai uwarta ma ta yi. Rannan aka yi shela cewa masu aikin ido kyauta za su sauka a firamaren garin hakimi, kwana uku. Ta goya ’yarta, ta bi ayarin tsofaffi, ta karɓi lamba. Mutanen nan sun iya aiki, wallahi: yau a shigar da kai ana ja maka sanda, gobe a kwance bandeji ka ƙirga haƙoran jikanka. Da layi ya zo kanta, likitar, wata ’yar siririya da tun safe ko ruwa ba ta kai baki ba, ta haska idon da ’yar tocila, ta haska ɗayan, ta sake komowa na farkon. Sai tambaya kamar gaban alƙali. Wani abu ya taɓa bugun idon? A’a. Ciwon suga fa? Babu. Uwar taki da ta yi, tana da shekarunki? Ina, sai da ta tsufa tukuf, kuma duka biyun ne. Likitar ta ɗaga fatar idon, ta ga wata jijiya ta yi ja ta yi kauri a gefe guda. Ta ajiye biro ta ce, “Yaya, yau ba zan taɓa idon nan ba. Yanar ta rufe ƙofa, ni kuma ban ga abin da ke cikin ɗakin ba.” Ta rubuta mata takarda zuwa babban asibitin birni, a ɗauki hoton cikin idon.

Matar nan ta fito ranta a ɓace. Mutum ɗari uku an karɓe su, ita kaɗai aka mayar. A motar komawa wani tsoho da aka gyara wa nasa yana ta tsokanarta, wai su da suka kusa kabari an wanke musu ido, ita yarinya ɗanya an ce ta je ta ƙara girma. Ta cusa takardar a ƙasan kwalla, ta ce ’yar bokon nan girman kai ne da ita, ba wani abu ba. Har ta fara tambayar ranar da mai sokar ido na gargajiya yake zuwa kasuwa. Amma ka ji ikon Allah, ita likitar da ta duba idanu fiye da gashin kanka ba ta manta da wannan guda ɗayan ba. Bayan mako biyu ta aiko ta hannun malamin asibitin ƙauyen a tambaya ko mai faifai ta je. Aka ce ba ta je ba. Ta sake aikowa, wannan karon har wurin mai unguwa, ta ce a faɗa wa mijin matar ba maganar gani kaɗai ba ce, maganar rai ce. Nan fa suka kama hanyar birni.

Can aka ce ta rufe idon, aka shafa wani abu mai sanyi a kan fatar, aka ɗora na’ura. Sai ga shi. Wani baƙin tsiro kamar ƙwayar wake ya yi zamansa a bayan yanar, ashe shi ya haife ta. Ciwon daji ne, irin baƙin nan da ba kasafai yake kama irinmu baƙar fata ba, shi ya sa ake mantawa da shi. Ba zan yi maka zaƙin baki ba, idon bai tsira ba. Cire shi aka yi, aka sa mata na roba, ta sha kuka har muryarta ta dishe. Amma da suka bincika sauran jikin, ba inda abin ya kai. Likitan can ya ce mata da an kwashe yanar cikin rububin jama’a an sallame ta, da ta koma gida tana sa albarka, shi kuwa tsiron yana nan yana neman hanyar hanta. Ta tuna irin maganganun da ta yaɓa wa yarinyar nan likita a zuci. Da ta warke, faifan farko da ta saƙa da ido ɗaya, ya ɗan karkace a baki, shi ta naɗe a zane ta aika wa likitar. Mai faifan nan ita ta aurar da autar tata, ita ta yi wa jikokinta wankan jego.

Kowa ya ga farin da ke ido. Mutum ɗaya ce ta tsaya ta tambaya me ya kawo shi, a ido guda, ga mace mai sauran ƙuruciya. Ita ta san abin da Bahaushe ya daɗe da faɗa, ruwa ba ya tsami banza.