Gwiwar Mai Lamba Talatin da Ɗaya

Zulkiflu ya sake mayar da bidiyon baya, ya zuba wa mai lamba talatin da ɗaya ido. Dogaye biyu suka yi tsalle a gaban turakun ci, ƙwallon ta kuɓuce musu, ɗan gajeren ya yi wuf ya sure ta. Maimakon ya bi hagu inda hanya take a buɗe, sai ya juya dama. Aka cafke shi aka maka da ƙasa.

Kafin korona, Zulkiflu bai san da wata ƙwallon Ostireliya ba, wadda ake yi da hannu da ƙafa, ita kanta ƙwallon kamar ƙwai. Digiri na uku ya zo yi a Kuala Lumpur, a fannin ƙididdiga. Annoba ta rufe jami'a, tallafin karatu ya ƙare bincike bai ƙare ba, ga 'yarsu Khaulah ƙarama, ga matarsa Nuriyya da tsohon ciki. Aikin da ya samu ta intanet a wani ƙaramin kamfanin tantance 'yan wasa na birnin Melbourne shi kaɗai ke riƙe da su a unguwar Taman Melati. In ya suɓuce, sai komawa Kano hannu rabbana, in ma an samu jirgi.

Ƙananan 'yan gaba aka danƙa masa, gajerun nan masu tsintar abin da ya faɗo daga hannun dogaye. Zai kalli wasannin mutum ya faɗi ko yana kan ganiyarsa, da abin da wata ƙungiya za ta bayar in za a yi musayarsa. Babu suna babu fuska, daga can sama ake ɗauko hoton, don kada son zuciya ya shiga.

Su uku ke aikin, kuma Oga, mai kamfanin, ya riga ya faɗa musu gaskiya. Ƙungiyoyi na rage 'yan wasa da ma'aikata, shi ma mutum ɗaya zai iya riƙewa. Ogan wani mai gemu ne da kujerarsa ke neman haɗiye shi, ba ya fara'a, ba ya kwana-kwana.

Nuriyya ta ajiye masa shayi, ta leƙa kwamfutar.

"Mutanen nan sun huta, Abban Khaulah. Dubi cinkoso, ko takunkumi babu. Mu kuwa ko a gidan abincin mamak ba a zama, sai tapau, a ƙunshe maka ka tafi da shi gida."

Bai ko ɗago ba, don ya gano abin da ba ya son ganowa. Gwiwar hagun yaron ta tafi. Shi ya sa ba ya juyawa ta can, shi ya sa a zangon ƙarshe yake jan ƙafa in yana zaton ba a kallonsa. Ƙwallayen da yake ci sun ragu, amma wajen bin abokin hamayya da hana shi sakat, babu kamarsa a filin. Ya faɗi ya tashi, ya faɗi ya tashi, kai ka ce biyansa ake yi don ya sha ƙasa.

Tausayi ya kama Zulkiflu, irin wanda bai yi zato ba. A shekara irin wannan, ɗan wasan da aka ce gwiwarsa ta lalace ba musayarsa za a yi ba, sallamarsa za a yi, kuma babu mai ɗauka. Ya san yadda mutum yake ji in ana zaune a wani ɗaki ana shawarar ko yana da sauran amfani.

Ya rubuta gaskiya, ya goge. Ya yi sallar azahar ya dawo, ya zauna yana kallon titin da ko babur ba ya wucewa. Daga ƙarshe ya cika rahoton da yabon naci da zafin nama, ya ce a riƙe yaron, duk ƙungiyar da ke son sa ta kawo ɗan wasa na gaske. Gwiwa kuwa ko ambatonta bai yi ba.

Da safiyar Litinin Oga ya kira shi ta bidiyo.

"Ka ga gwiwar?"

Zulkiflu ya ce ya gani.

"Me ya hana ka rubuta?"

"Wataƙila yana da iyali, ranka ya daɗe."

"Sauran biyun sun rubuta," in ji Oga. "A cikinsu zan zaɓa. Ka fi su ido, shi ya sa abin ya fi yi mini ciwo."

Zulkiflu ya waiwaya wajen ƙofa. Yana jin motsin Nuriyya a kicin, bai san da wane baki zai gaya mata ba. Ya so ya roƙa, amma ya san mutumin. Abin da ya fito daga bakinsa shi ne, "To shi yaron fa? Yanzu sallamarsa za su yi?"

"Tsofaffin wasanni ne, sun kai shekara goma. Su nake bayarwa in zan tantance mutane. A wancan lokacin ma an samu mai tausayi irinka, ya gani ya yi shiru."

Oga ya dafa tebur ya miƙe da ƙyar, ɗan gajere da shi, ya jawo sandar dogarawa daga gefen kujera ya ɗaga ta gaban kyamara.

"Aka bar ni na ƙara shekara guda a kan gwiwar nan. Tun daga lokacin da wannan nake tafiya."