Kalmar da Za a Faɗa wa Hazel

Tun da sassafe dattijo Tsanko ya aske gemu, ya yanke haɓarsa sau biyu, bai fasa waƙa ba. Yau Hazel za ta iso Plovdiv daga Ingila. Shekara huɗu yana jiranta, kuma kwana uku kacal aka ba su. In sun jitu ta zauna, in ba su jitu ba ta koma, shi ma ya koma zaman ɗaka.

Matsalar ɗaya ce, Hazel ba ta jin Bulgariyanci ko kalma guda.

Ya bubbuga bango ya kira maƙwabciyarsa Nevena, malamar Turanci. Ta shigo da banitsa, wani gasasshen burodi mai zafi, cuku yana naso, ta tarar abokinsa Gencho ya riga ta zama.

"Malama, so nake in ce mata ta kai ni dandali. Wace kalma ce?"

"Akwai show. Nuni ne kawai, ta miƙa hannu ta ce ga hanya can."

Tsanko ya kwashe da dariya har da dukan tebur. "Ba wa Gencho wannan! Wata."

"Lead. Tana gaba, kana biye."

"Haka marigayiya matata ta yi da ni shekara talatin. Wata."

"Escort. Rakiyar girma, ko ta 'yan sanda in sun tasa ƙeyar mutum."

"Ga taka nan, tsohon banza," in ji Gencho. "Baturiya mai gashi kamar zuma, me za ta yi da mai gyaran piyano?"

Saura guide. Nevena ta bi ta daki-daki: gefe da gefe ake tafiya, wanda ya san hanya yana kauce maka rami, ba ya janka, ba ya barinka. Tsanko ya maimaita kalmar sau goma, yana rawa da kujera.

Mota ta tsaya a waje. Ya sauka yana ƙirga matakala kamar kullum, ya jingine sandarsa bayan ƙofa. Matar da ta kawo Hazel ta buɗe mata mota. Tsanko ya durƙusa bisa duwatsun titi, ya faɗi kalmarsa.

Hazel ta lashi kumatunsa, ta kaɗa wutsiya, ta tsaya a hagunsa, yadda aka koya mata a makarantar karnukan da ke yi wa makafi jagora.