Ramin da Lautaro Ya Faɗi

Dokin ya sake turjewa a bakin ramin, Itatí ta ƙanƙame linzami a kan sirdi.

Mahaifiyarta Herminia na jingine da shingen filin tsallaken dawaki, ƙoƙon shayin mate ya huce a hannunta. A ramin nan ɗanta Lautaro ya faɗi bara, doki ya danne shi, bai tashi ba.

"Mama, ba zan iya ba!"

"To sauko mana, wa ya aike ki?"

Maimakon ta sauko, sai Itatí ta sake zaburar dokin, idonta ƙur a cikin ramin. Haka yayanta ya yi ranar da ya faɗi. Doki kuwa inda mahayi ya kalla, nan yake nufa.

"Ɗaga kanki! Kalli bishiyar can!" Herminia ba ta san lokacin da ihun ya kuɓuce mata ba.

Dokin ya tsallake tsaf.

"Mama, tsoron ya tafi! Gasar tsallake ta ranar Asabar da ni!"

Herminia ta zube a ciyawa tana kuka. Da gangan ta kawo yarinyar ramin nan, don ta tsorata ta bar hawan doki har abada.