Muƙamuƙin Dalhatu

Likitan Gwarzo bai cire haƙorin ba. Ya ce kumburin ya yi zurfi, sai an je Kano an ɗauko hoton nan da ke nuna baki gaba ɗaya, daga kunne zuwa kunne. Shi ya sa ranar Talata Asta ta kulle ƙofarta a Gammo, ta raka mijinta tasha, suka hau motar birni.

Shekara goma sha shida ta yi ita kaɗai a gidan nan. Dalhatu ya tafi kudu neman aiki a zamanin tsuke bakin aljihu, lokacin da ko sabulu sai an bi layi, daga nan shiru. Allah bai ba su haihuwa ba. Danginsa suna jiran labari su raba gida da gona, labari bai zo musu ba. Ita kuwa ta yi noma, ta yi kiwo, ta tuƙa tuwon mutum ɗaya ta ci tana kallon bango.

A shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a ya dawo, rabin fuska a ƙone, murya a dishe. Ya ce tankar mai ce ta kama da wuta suna kusa. Ya san sunan kowa, ya san iyakar gonarsa. Gari ya yi ta barka. Asta ce kawai ta dage sai an sake ɗaura aure, wai shekarun sun yi yawa. Liman ya ce ba dole ba ne, amma ya ɗaura.

A Kano aka tsayar da shi gaban na'ura, aka ce ya ɗora haɓa, ya ciji ɗan ƙarfe, kada ya motsa. Na'urar ta zagaya kansa a hankali. Ta tagar gilashi Asta take kallonsa.

Likita ya liƙa hoton a jikin fitila. Ya nuna musu haƙorin ƙarshe da ya kwanta cikin dasashi yana tokare ɗan'uwansa, ya ce aikin rabin awa ne. Sannan ya bi layin ƙashin da biro, ya ƙara da cewa:

"Ka gode Allah, Malam. Duk hatsarin da ka yi, muƙamuƙinka bai taɓa ko tsagewa ba. Da ya taɓa, da hoton ya nuna."

Asta ta dubi hoton. Duk Gammo an san wani bijimi ya taɓa harbin Dalhatu a fuska suna amarci, aka ɗaure masa ƙashin da waya a asibiti. Mako shida tana ba shi kunu da cokali.

Suka hau motar komawa gida. Sai da suka sauka a Kabo, suka kama hanyar gida a ƙasa, ya tsaya gindin wata ɗorawa, idonsa a ƙasa. Ya ce akwai maganar da ya daɗe yana ɓoyewa, ta wani abokin aiki da suka kwana ɗaki ɗaya shekara tara, wanda kullum hirarsa gida da matarsa. In ta ga dama ta kai shi gaban alƙali, ba zai musa ba.

Asta ta karɓi hoton daga hannunsa, ta cusa cikin mayafi, ta ci gaba da tafiya.

"Taho, Malam, la'asar na wucewa," ta ce. "Ni aka kawo wa takardar rasuwar Dalhatu, shekara bakwai kafin ka yi sallama a ƙofata."